Ƙwan da Ya Tsaya a Daron Mama

Juma'a, 7 ga wata

Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da injinanka da duk wanda ke cikin wannan jirgin ruwa naku. Yaya aiki, yaya teku? Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da zan faɗa maka, wanda shi ne kusan komai.

Na san ba za ka ga saƙon nan ba sai kun isa tasha kun samu sabis, nan da mako biyu. Duk da haka zan rubuta. Yi wa mutumin da ba zai iya katse ka ba ƙorafi akwai daɗi.

Makon jiya na mayar da Mama wurin likitan ƙashi. Ya ɗaga hoton ƙugunta ya nuna mana: karayar ta haɗe, ƙarfen da suka sa mata yana zaune daram. Ya ce ƙashin nan zai ɗauke ta, ya ɗauki kiret goma na ƙwai a kanta in ta ga dama. Matsalar ita ce wata huɗu ke nan rabonta da tsayuwa. Duk sanda muka ɗaga ta, da zarar tafin ƙafar ya ji nauyi sai ta yi ƙara ta koma cikin keken guragu. Ya auna cinyoyinta da tef kamar tela, ta dama ta tsotse sosai. Ya ce in aka ƙara wata biyu a haka, naman ƙafar zai manta aikinsa, keken ya zama nata har abada. Bai ce har abada ba, likitoci ba sa faɗin haka. Cewa ya yi zai yi wuya, yana kallon fayil.

Shawararsa ita ce ruwa. A sashen gashin ƙashi, can ƙasan bene, suna da wani ɗan tafki mai ɗumi wanda ake shigar da irinsu Mama. Ruwan yana ɗauke musu nauyi, su koyi tsayuwa ba tare da ciwo ba, sannan a riƙa rage zurfin a hankali har su fito tudu. Mata suna da Litinin da Alhamis da hantsi. Masu jira sun fi arba'in. Matar da ke kula da wurin doguwar magana ba ta dame ta ba, Mama ta riga ta sa mata suna Kwamanda. Dokarta guda ce: wanda ya yi fashi sau uku, an ba na bayansa gurbi.

Jiya Alhamis ce ranar farko, kuma jiya muka yi fashi na farko.

Na shirya jaka, na saya mata doguwar riga da wando masu saurin bushewa, mota tana jira a waje. Ta dube ni daga cikin keken ta ce, "Malama." Ka san ba ta kirana Malama sai za ta yanka ni. Ta ce shekara arba'in ta yi a rumfar ƙwai tana saka abu a ruwa, babu wanda zai koya mata halinsa. Mai kyau ƙasa yake tafiya, baragurbi ne ke tasowa. "To zaɓa min ɗaya, in nutse ko in zama baragurbi?"

Yaya, shekara goma sha ɗaya ina koyar da fiziks. Duk zango na biyu nakan zana akwati a cikin ruwa a kan allo, in ja masa kibiya ƙasa, in ja masa wata sama, 'yan mata arba'in su kwafe. Ba a taɓa yi min tambayar da ta fi wannan kyau ba, kuma na tsaya da jaka a hannu kamar wadda ta zo ajin da ba nata ba.

Maganar keke mai batir da ka yi a waya kafin ku tashi, don Allah ajiye ta tukuna. Na san da zuciya ɗaya ka faɗa. Amma ranar da keken nan ya shigo gidan nan, an gama.

Mama tana gaishe ka. Ta ce ka riƙa cin abinci, kada ka riƙa leƙa ruwa.

Ƙanwarka,
Guntuwa


Litinin, 10 ga wata

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan iska ta yi muku sauƙi, kuma ciwon bayan nan bai dawo ba.

Fashi na biyu. Wannan kuwa da hannuna na haɗa shi, don haka bari in ba ka labari kafin Mama ta ba ka nata, wanda zai fi nawa gishiri.

Jiya na yanke shawarar in yaƙe ta da makaminta. Na tura ta kicin, na ajiye kofin gilashi biyu a kan tebur, na cika su da ruwa. Na ce ta zaɓi ƙwai da kanta. Ta jujjuya uku a kusa da kunne ta ba ni ɗaya. Na sa shi a kofin farko, ya tafi ƙasa ya kwanta. Ta gyaɗa kai kamar alƙali. Na ɗauko gwangwanin gishiri daga kanta ta sama, wadda sai na taka kujera nake isa, na yi ta zubawa a kofi na biyu ina juyawa. Ta ce gishirin wata guda nake kashewa. Na ciro ƙwan nan dai, na sa shi a ruwan gishirin. Ya taso, ya tsaya yana leƙo sama da ɗan farin kansa.

Ta karɓe shi, ta fasa a faranti. Gwaiduwa ta zauna tsaf, ba wari ba komai. Na ga fuskarta ta canza, na ji wani daɗi irin na malamin da ya kama ɗalibi mai taurin kai. Sai na kasa barin abin ya yi aikinsa. Na buɗe baki. Na ce ruwa yana matsa duk abin da ke cikinsa ta kowane gefe, kuma matsin ƙasa ya fi na sama, don haka kullum akwai rarar da ke tura abu sama. Na ce turin daidai yake da nauyin ruwan da abin ya kora daga wurinsa. Na ce ruwan gishiri ya fi nauyi, shi ya sa turinsa ya fi. Har hannu nake yi mata da kibiyoyi.

Ta bar ni na gama. Sannan ta tambaye ni, wancan ruwan na Kwamanda akwai gishiri a ciki? Na ce babu. Ta ce, "To kin ga." Ta ce in soya mata ƙwan kada a yi asara biyu.

Da safen nan ta ce kanta ke ciwo. Ban yi mata musu ba. Na kira Kwamanda, ta ce Alhamis ce ta ƙarshe, akwai wata mata mai shanyewar ɓarin jiki da ta yi wata uku tana jira. Ba zan iya jin haushinta ba.

Da rana ina shafa wa Mama mai a ƙafa, idon sawun ya kumbura har silifas ba ya shiga, sai ta ce min, ke da kike ta wa'azin ruwan nan, kin taɓa shiga? Ka san amsar. Ka san wadda ta hana mu zuwa ko bakin kwata muna yara, kuma kai ka rama da zama a kan teku, ni na rama da zane a allo. Ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne bokiti. Ta ce to in shiga tana kallo. In ta ga 'yarta ta taso da ranta, za ta yi tunani.

Ba ta ce za ta shiga ba. Ta ce za ta yi tunani. Na yi digiri biyu, na san bambancin.

Na sake kiran Kwamanda. Ta yi wani abu mai kama da dariya, ta ce mu zo gobe ƙarfe ɗaya, lokacin da tafkin ba kowa.

Yaya, tsoro nake ji. Na rubuta a nan don ba wanda zai karanta sai an wuce wurin.

Taka,
Guntuwa


Talata, 11 ga wata

Yayana na kaina,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. In ka samu wasiƙun nan a tare, kada ka tsallaka zuwa ta ƙarshe. Na san halinka. Bi su a jere ka sha wahalar da na sha.

Na shiga.

Ɗakin ba shi da wani kwarjini. Tayil mai launin shuɗi, warin maganin ruwa, ƙarfen riƙo a gefe, matakala shida, da wata kujera mai inji da ake sauke marasa ƙafa da ita. Tafkin bai fi falonmu biyu ba. Aka ajiye Mama a bakinsa da jakata a cinya, ta gyara zama kamar ta zo kallon ƙwallo.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne matsin. Na san da shi, na sha ba da shi a jarrabawa: a zurfin mita ɗaya, duk wuri mai faɗin tafin hannu yana ɗauke da kusan kilo goma. Amma lambar ba ta taɓa gaya min cewa abin riƙo ne ba. Ruwan ya kama ƙafafuna kamar safa da aka ɗinka don ni kaɗai, ya fi ƙarfi a idon sawu, yana sassautawa zuwa sama. Da ya kai ƙirji sai na ji numfashi ya zama aiki, kamar wani ya dafa ni da hannu biyu, ba da mugunta ba. Ga kuma diddigena da suka fara shakkar ko suna da buƙatar ƙasa.

Kwamanda ta sa hannu a ƙeyata ta ce in kwanta. Na kwanta. Wato na yi abin da nake zaton kwanciya ce: na miƙe jiki, na ɗaga kai don in ga inda ƙafafuna suke. Ƙafafun suka tafi ƙasa, sauran suka bi su, na sha ruwan asibiti wajen kofi guda. Na taso ina tari, ina kama rigar baiwar Allah. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ni Kwamanda na samu.

Sau uku ina yin haka. A na ukun ta tsaya ta dube ni ta ce, "Me kika ce kina koyarwa ma?" Na faɗa mata. Ta ce kan mutum kilo biyar ne, kin fitar da shi daga ruwa, wa kike so ya ɗauka miki? Daga bakin tafki aka ce, "Haka take tun tana goye, sai ta gani da idonta." Sannan na ji wani sauti da na yi wata huɗu ban ji ba. Mama ce ke dariya, har tana buga hannun keken.

Gaskiyar Kwamanda ce, kuma darasin aji ɗaya ne. Ruwa ba ya ɗaukar abin da ba ka ba shi ba. Ni kuwa na ba shi komai ban da kai, don da shi nake sa ido a kan gwajin.

A na huɗu na cika ƙirji da iska, na mayar da kai baya har ruwa ya rufe kunnuwana. Duniya ta ɗauke. Babu muryar Mama, babu ƙarar fanka, sai wani gunji can ƙasa da bugun zuciyata. Sama akwai silin mai tabon yoyo guda. Na ja numfashi, na ji na tashi kaɗan. Na sake shi, na ji na sauka kaɗan. Na ja, na tashi. Yaya, huhuna ne ke tuƙa ni. Kilo saba'in da takwas da nake ja zuwa aji kullum, da suke sa gwiwata ƙara a matakala, suna kwance a kan abin da nake wanke kwano da shi. Kuma abin da ke matse ni ɗin nan shi ne dai ke ɗaga ni, ba wani daban ba. Na sha faɗin haka da alli a hannu. Ban san ina faɗin abin al'ajabi ba, na ɗauka manhaja ce.

Na juya ido in ce wa Kwamanda kada ta sake ni. Tana tsaye nesa da ni taku biyu, ta ɗaga min hannuwanta duka biyu.

Ban san minti nawa na yi ba. Da na fito, nauyina ya dawo matakala bayan matakala, kamar ana ɗora min buhuna. Na zauna a benci, na ce wa Mama gani ya kori ji.

A mota ta ba ni sakamako. Ta ce ta gani, na taso kuma da raina, ba ta musu. Amma ni mai ne ya yi min yawa, mai kuwa ko a tukunya sama yake zama. Ita ƙashi ce zalla, ga ƙarfe a ƙugu. Na ce jirgin ɗanki ƙarfe ne tun daga kai har gindi. Ta ce jirginka ciki gare shi fanko, kuma shekara goma sha tara addu'arta ce ke riƙe da shi, ba lissafina ba.

Abin haushin shi ne, game da mai ɗin nan, ta fi ni gaskiya. Siriri ya fi mai jiki saurin nutsewa. Na so in ce mata ba tasowa ake nema da ita ba, tsayuwa ce kawai. Amma na lura duk sanda na yi bayani sai mu yi fashi, don haka na ja bakina.

Saura kwana biyu. Ka sa mu a addu'a, ko da za ta iso a makare.

Ƙanwarka mai ruwa a kunne,
Guntuwa


Alhamis, 13 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida abokan aikinka. Ka samu wuri ka zauna.

Jiya da la'asar matar da ta gaji rumfar Mama ta zo da kiret biyu. Wata sabuwar gona ce ta kawo mata, ba ta yarda da su ba, ta ce ba wanda zai raba mata gardama sai uwar ɗakinta. Ka ga yadda Mama ta miƙe wuya a cikin keken nan. Ta ce a ɗauko mata daronta, tsohon nan mai lotsattsen baki, a cika shi, a ɗora a kan kujera a gabanta. Ni aka ba aikin miƙo ƙwai. Matsayina ke nan a wannan jami'a.

Ban taɓa tsayawa na kalli yadda take yi ba. Ba ta kai ƙwan ƙasa. A saman ruwa take sakinsa, ta miƙo hannu a ba ta wani. Shi kuma ya sauka a hankali, yana ɗan lilo, ya taɓa gindin daron ba ko ƙara. Ƙwan da in ya faɗo daga wannan tsayin a daro busasshe sai dai a kawo tsumma. Bayanin ya zo min har maƙogwaro. Na haɗiye shi.

Yawanci suka kwanta a gefe. Biyu suka taso, ta tsame su da yatsa biyu ta ce a kai su nesa. Sai wani guda ya sauka ya ƙi kwanciya. Ya tsaya a kan tsininsa, kan mai faɗi yana sama, kamar mai jiran a kira sunansa. Na ce wannan ma a zubar ko?

Ta dube ni da tausayi. Ta ce wa baƙuwar, kin ga digiri biyu. Ta ce ƙwai iri uku ne, ba biyu ba. Sabo kwanciya yake. Baragurbi tasowa yake. Wanda ya kwana biyu kuwa, iska ta ɗan taru a kansa, tsayuwa yake. Lafiyarsa ƙalau, shi ya ma fi daɗin ɓarewa in an dafa. Tsufa ya yi, ba lalacewa ba.

Ta gama faɗa, sai hannunta ya tsaya a kan ruwan. Na miƙa mata na gaba, ba ta karɓa ba. Ta sa yatsa ta ture ƙwan, ya karkata, ya dawo ya miƙe. Ta sake ture shi, ya sake miƙewa. Ta ciro shi ta kafa shi a kan tebur, ya faɗi ya gangara, na tare shi a baki. Ta karɓa ta mayar da shi ruwa. Ya sauka, ya tsaya.

Baƙuwar tana ta zancen tsadar abincin kaji. Mama ba ta ji ba. Can ta ce min, "Wandon nan da kika saya, ba mai nuna jiki ba ne dai ko?"

Yau ƙarfe tara muna ƙofar sashen. Kwamanda ta dubi agogo ta dubi Mama, ta ja biro a takarda. Ta ce in shiga in tsaya a gabanta, tunda yanzu na zama 'yar gari. Aka ɗaure Mama a kujerar injin. Ta kama wuyan hannuna tun kafin ƙafarta ta taɓa ruwa, shatin yatsunta yana nan har yanzu. Bakinta yana motsi. Injin yana sauke ta a hankali, ruwa ya ci sawu, ya ci gwiwa, ya ci ƙugu. Da ya kai ƙirji ta zaro ido ta ce wani ya danne ta. Kwamanda ta ce ruwa ne ke gaishe ki, Mama, ki amsa da numfashi.

Aka kwance bel. Kwamanda ta ce ta zame gaba, ta nemi ƙasa da ƙafa mai lafiya, sannan ɗayar. A wannan zurfin mutum ba ya ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, wato ƙafafun Mama biyu za su raba kilo ashirin. Na san wannan. Duk da haka na ƙara riƙe hannunta.

Ta zame. Na ga ƙafar dama ta cikin ruwa, siririya, tana laluben tayil kamar makauniya. Ta taɓa. Mama ta runtse ido tana jiran ciwon da ta saba. Na ga tana jira. Na ga bai zo ba.

Sai ta fara miƙewa. Yaya, ta yi ta miƙewa. Na manta yawan Mama. Kafaɗunta suka fito, ruwa yana zuba daga rigar, wuyanta ya miƙe, ta wuce ni, ta ci gaba. Ta saki hannuna ɗaya, ta saki na biyu. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ce, "Wa ya riƙe ni?" Kwamanda ta ɗaga mata hannuwa biyu, yadda ta yi min.

Ta tsaya tana kallon ruwan da ke kewaye da ita, ya yi luf kamar bai san abin da ya yi ba. A hankali ta ce, "Ina nauyin ya tafi?" Na buɗe baki, don wannan kam tambayata ce, na san amsarta har da alamomi. Ta ce, "Yi min shiru, ba ke nake tambaya ba."

Na yi shiru. Ban san amsar da ta samu ba. Ni dai a nan na gane cewa tawa amsar, duk da daidai take, ba ta ƙare tambayar ba. Na san nawa ruwa ke ɗauka. Ban san dalilin da ya sa aka yi duniya ta yadda abin da muke sha zai yarda ya ɗauki uwarmu ba.

Sannan ta sunkuyo da kai ta dube ni. Wata huɗu ina kallon tsakiyar kanta daga sama, ina tura ta, ina yi mata magana kamar ƙaramar yarinya ba tare da na sani ba. Yau sai da na ɗaga haɓa. Ta ce, "Guntuwa, ashe har yanzu ba ki ƙara tsawo ba."

Amfanin tafki shi ne ba wanda zai tabbatar da abin da ya jiƙa maka fuska.

Ta yi taku huɗu tana riƙe da ƙarfe, ta nemi na biyar, Kwamanda ta ce ya isa. Da inji ya fito da ita ta yi nishi ta ce an mayar mata da kayanta. A ɗakin canza kaya na sa mata silifas, ya shige ba gardama. Matsin ruwan ya kore kumburin sawun zuwa sama. Wannan ma na san dalilinsa, kuma ban faɗa ba. Ina samun sauƙi ni ma.

Litinin za mu koma. Ita ta tuna min.

Ƙanwarka,
Guntuwa


Asabar, 19 ga watan da ya biyo

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Amsarka ta iso, ta layi uku, biyu daga ciki tambaya ce ko na koyi iyo. Ban koya ba. Na iya kwanciya dai, wanda ka ce dama shi ne gwanintata. Kuma na san ka tsallaka zuwa ta ƙarshe.

An rage wa Mama ruwa daga ƙirji zuwa cibiya, makon nan zuwa cinya. Kullum tana ƙorafin cewa Kwamanda na yi mata rowa. Tef ɗin likita ya ƙaru da yatsa biyu.

Ɗazu da rana ina kicin, na ja kujera zan hau in ɗauko gishiri. Na ji an ce, matsa. Mama ta tura kekenta har jikin tebur, ta ja birki, ta dafa da hannu ɗaya. Ban taimaka ba, ban ma yi numfashi ba. Ta tashi. A kan siminti, Yaya, da kilo sittin ɗinta cif, ba wanda ya rage mata ko ɗaya. Ta miƙa hannu ta sauko da gwangwanin, ta girgiza shi a kusa da kunne, ta ce saura kaɗan, wata ta ƙarar da shi a kan ƙwai. Na ƙirga tara kafin ta zauna.

Ta ba ni saƙo biyu. Na farko, in ka riga ka sayi keken nan mai batir, ka aiko shi rumfa, zai yi daɗin ɗaukar kiret. Na biyu, ta ce in ka fita saman jirgi ka leƙa ruwan sau ɗaya, ka gaishe mata da shi. Addu'ar dai ba za ta daina ba, amma ta ce yanzu ta san ba ita kaɗai ke riƙe da kai ba.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. Za ka same ta a ƙofa, kuma ka shirya ɗaga kai, don kai ma ba ka kai ta ba.

Ƙanwarka har kullum,
Guntuwa